Gargaɗin 'Yan'uwa a kan Bashin Waya, Waƙa da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya buɗe wa bayinsa ƙofofin neman halal, ya kuma sanya wa ciniki iyakoki domin kada mai ƙarfi ya haɗiye mai rauni. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, Allah ya yi mana muwafaƙa da ku, wannan 'yar waƙa ce mai baiti 15 tare da sharhinta. Dalilin yin ta kuwa shi ne yawan tambayar da ake kawowa a zawiya bayan an tashi daga wazifa, da kuma a zauren karatu, game da wayar hannu ta zamani wadda ake shafa fuskarta da yatsa: ko ya halatta a ɗauke ta bashi ana biya kullum-kullum, da kuma hukuncin wanda ya ajiye mai aiki ya ɗauko sabuwa alhali bai gama biyan ta farko ba. Na so in tara amsar wuri guda, domin wanda ya ji nauyin tambaya a cikin jama'a ya karanta a ɗakinsa.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Ta'ala, gare Shi nake godiya.

Salati ga Manzo, Aminu na Makka,
Da alai, sahabbai, gidan gaskiya.

Mutanenmu Zango ku taru ku ji ni,
Nasiha gare mu a zancen waya.

Waya ba haram ce ba, kayan bukata,
Tana sada dangi cikin duniya.

Sharhi: Faɗarmu "mutanenmu Zango", muna nufin jama'ar Zangon Lome, na Agwe da waɗanda suka watsu cikin unguwanni tun da hukuma ta rushe tsohon Zango a shekarar 1977, ta mai da mu bayan gari kamar kilomita 15 arewa da inda iyayenmu suka kafa. Duk wanda ya ga wancan zamani ya san darajar waya ba sai an gaya masa ba. A da in an yi rasuwa a nan, wasiƙa ake rubutawa a ba direban babbar mota, labari ya isa Kano ko Dogon Dutsi bayan an yi sadakar bakwai. Tun da Togocel ya fara aiki a 1998, wanda a yau sunansa ya koma Yas tun watan Nuwamba na 2024, ga kuma Moov Africa, sai al'amari ya sake. Mai shanu a kasuwar Adetikope yana jin farashin arewa tun mota ba ta baro Sinkase ba, tsohuwa tana karɓar kuɗin cefane ta Flooz ko Mixx tana zaune a kan tabarmarta, almajiri yana sauraron karatun malamin da bai taɓa gani ba. To, kayan da ke da irin wannan amfani asalinsa halal ne, kuma wanda ya ce maka ni na haramta waya ya yi mini ƙarya.

Abin da ya dame ni sauyinta kullum,
Ta bara ta tsufa, ana dariya.

Maƙera suna can suna auna kwana
Na kayan da kai ne ka je ka saya.

Batir nata liƙe, ba a buɗe baya,
A gyara ta tsada, a bar ta wuya.

Matattun wayoyi a juji a ƙona,
Hayaƙi ga yara, ina lafiya?

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, kayan da muka gada ba su san wannan ciwo ba. Keken ɗinkin kaka jikanya tana ci da shi, tukunyar ƙarfe ta ga suna ta ga aure a gida ɗaya. Amma tun da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone a 2007, ya riƙa fitar da sabuwa kowace shekara, sauran maƙera suka bi sawu, har su Tecno da Itel da Infinix da suka cika rumfunan Dekon, waɗanda sunaye uku ne na kamfani guda na ƙasar Sin, watau Transsion.

Faɗarmu "suna auna kwana", ba zato ne muka yi ba. A watan Disamba na 2017 Apple ya amsa da bakinsa cewa yana rage wa waɗansu tsofaffin wayoyinsa sauri idan batirinsu ya raunana, ya ce ya yi haka ne domin kada su riƙa mutuwa ba zato. Hukumar Faransa mai kula da ha'inci a ciniki ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a watan Fabrairu na 2020, fiye da sefa biliyan 16, saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Mutum yana ganin wayarsa tana jan ƙafa sai ya zaci ajalinta ne ya zo, ya je ya sayi wata, alhali sabon batir kaɗai take bukata. Wannan a wurin malamanmu ɓoye aibi ne, kuma hukuncinsa sananne ne a babin ciniki. Wayoyin farko kuwa da farce ake buɗe bayansu a sake batir, na yanzu an liƙe da danƙo sai mai gyara ya gasa ya ɓamɓare.

Bayan batir sai manhaja, watau karatun da ke cikin waya wanda take aiki da shi. Daga 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Gilashi garau, murya garau, amma ƙofar da ake gaisawa da dangi ta rufe. Turawan da kansu abin ya ishe su, har Tarayyar Turai ta kafa doka wadda ta fara aiki ranar 20 ga Yuni 2025, cewa wayar da za a sayar a ƙasashensu dole a ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da irinta, a kuma samar da kayan gyaranta shekara 7. Wannan doka tasu ce, ba ta ƙetaro teku ta iso Dekon ba.

Akwai kuma tsufa na uku, wanda maƙera ba su da hannu a cikinsa sai dai su ci ribarsa, shi ne tsufan waya a idon mutane, kuma shi muke nufi da "ana dariya". Wayar tana kira, tana amsawa, tana aika kuɗi, ba abin da ya same ta, illa dai abokin zama ya fito da wadda ta fi ta. Daga ranar nan mai ita ya fara kife ta a kan cinya idan ya zauna a majalisa. Har ta kai yarinya ba ta sauraron saurayi sai ta saci kallon bayan wayarsa ta ƙirga idanun ɗaukar hoto, shi kuma ya san da haka, sai ya je ya ɗauko wadda kuɗinta ya fi jarinsa. Iyaye mata, da ku nake a nan, domin a ɗakunanku ake yabon wanda ya kawo babbar waya ana rena wanda ya kawo buhun shinkafa. Allah ya saukar da sura sukutum, Suratut Takasur, a kan wannan gasa ta wane ya fi wane, kuma a Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ya haɗa masu almubazzaranci zumunta da shaiɗanu. Wanda aikinsa ya bukaci sabuwa ya saya, ba laifi. Wanda kuwa kunyar ido ce ta kai shi, ya binciki niyyarsa.

Amma baitin juji, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai rubu'i ba. Waɗanda suka san Ankara sun san Agbogbloshie kafin a rushe ta a 2021, inda samari, da yawansu 'yan arewacin Gana, suke ƙona wayoyin wuta domin su fitar da jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin.

Idan babu hali su ce ɗauki bashi,
Kaɗan ne a kullum, kana ta biya.

Shari'a ta yarda a sai da a bashi,
Farashi guda, ajali ma ɗaya.

Daɗi don ka jinkirta, wannan riba ce,
Irin jahiliyya, uwar duk tsiya.

Sharhi: Nan ne gindin tambaya, sai a natsu. Sayen kaya zuwa ga ajali halal ne ba tare da saɓani ba. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Haka kuma jumhurun malamai sun halatta farashin ajali ya fi na hannu, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan a zamanta na Jidda a 1990, watau 1410 ta Hijira. Saboda haka idan mai kaya ya ce wayar nan jaka 60 ce hannu, jaka 88 ce zuwa shekara, ka zaɓi ɗaya kafin ku rabu, ciniki ya inganta. Idan kuwa kuka rabu ciniki ya lizimce ka ba a yanke wanne ne daga cikin biyun ba, shi ne ciniki biyu a cikin ɗaya wanda aka hana, kamar yadda Imamu Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa.

Sai dai halaccin abu daban, hikimar shigarsa daban. Faɗarmu "kaɗan ne a kullum", nan tarkon yake, domin ba a faɗa maka jimla, ana faɗa maka na yini ne. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, ka ba da jaka 15 a hannu, sa'an nan dala 40 kowace rana, watau sefa 200, kuɗin da bai kai na koko da ƙosai na gida ba. To, buga 200 sau 365, jaka 73 ke nan, ka haɗa da 15 na farko, ka biya 88 a kan kayan 60. Jaka 28 ta tafi a kan rashin haƙurin 'yan watanni. Ba na cewa haram ne. Ina cewa kada ka sa hannu sai ka sa an rubuta maka jimlar da lambobi, ka karanta da idonka ko ɗanka ya karanta maka, domin cinikin da mai saye bai san iyakar kuɗinsa ba garari ne, garari kuwa yana ɓata ciniki.

Abin da yake haram ba tare da shakka ba shi ne a rubuta cewa in ka makara za a daɗa maka kuɗi. Wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya, inda mai bin bashi yake zuwa ranar ajali ya ba ka zaɓi, ko ka biya yanzu ko bashi ya ƙaru. Ko da sun kira ta tara, ko kuɗin jinkiri, ko wani suna na Faransanci, sauya suna ba ya sauya hukunci, kuma majalisar Jidda da muka ambata ta hana shi a fili. Duk takardar da ka ga wannan sharaɗi a cikinta, ka mayar musu da alƙalaminsu.

Da can mai gida ne yake lamuninka,
Ya roƙa a jinkirta ranar wuya.

A yau mai kuɗin ba shi fuska da kunne,
Ya kulle ta tun kan a kai safiya.

Ɗiyanmu na Turai suna kuka su ma,
Wuyansu da hannu cikin igiya.

Sharhi: Kada wani ya zaci mutanen Zango baƙi ne ga bashi. Da bashi aka gina Zango. Fatake su koro shanu daga Nijar ko Barkina Faso su sauka gidan mai gida, mahauta su ɗauki sa ba su ba da ko dala ba, mai gida ya tsaya lamuni, in an yanka an sayar a kawo kuɗi. Haka cinikin goro ya gudana. Kuma idan mahauci ya faɗi, nama ya kwana ya lalace, mai gida ya san shi, ya san ubansa, ya san ko gaskiya yake faɗi ko ƙarya. In gaskiya ce sai ya lallashi baƙonsa a ƙara kwana, wani lokaci ma ya cika daga aljihunsa domin kada sunan gidansa ya ɓaci a arewa. Wanda kuwa ya saba cin amana, ba a kai shi ƙara ko'ina, sai dai ya wayi gari ba mai ba shi ko akuya daga Gbosime har Agwe.

Shari'a ta raba masu bashi gida biyu. Akwai mawadaci mai taurin bashi, wanda hadisi ya kira jinkirinsa zalunci, akwai kuma wanda ke cikin ƙunci, wanda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya samu. Mai gida yana iya rarrabe su da ido. Bashin waya na yanzu kuwa, a cikin wayar kanta ake dasa makulli, ranar da ba ka biya ba ta rufe da kanta, ba ta tambaya ko ƙeta ce ta hana ka ko zazzaɓi. Mai kaya yana da haƙƙin ya nemi abin da zai amintar da shi a kan dukiyarsa, jingina ma don haka aka shar'anta ta, ban musa masa wannan ba. Amma dubi ɗan zemijan wanda ta waya yake samun fasinja, irin masu aiki da Gozem da ya fara a nan Lome a 2018. Ya kwanta ciwo kwana uku, ya tashi ya tarar waya a kulle, ba zai sami fasinja ba sai da ita, ba za ta buɗe ba sai ya biya, ba zai biya ba sai ya sami fasinja. Wa zai je ya durƙusa wa? Ina kira ga 'yan'uwanmu Musulmi masu rumfa da suke ba da waya a kan wannan tsari, su bar wata ƙofa ta jinkiri ga wanda uzurinsa ya tabbata, domin ayar ba ta sauka a kansu ba don na'ura ta shiga tsakani.

Kuma ina kira ga ɗaya ɓangaren. An ce akwai samari da ke ɗaukar waya bashi, su kai wa mai gyara ya karya makullin, su sauya layi su ɓace, suna cewa ai kamfani ne, ba mutum ba ne. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, ko mai ita Musulmi ne ko ba Musulmi ba, kuma mai gyaran da ya san abin da ake nufi ya karɓi lada ya yi tarayya a cikin zunubin.

Faɗarmu "ɗiyanmu na Turai", mu a nan galibinmu kati muke sawa, in ya ƙare mu sake, ba wanda ya ɗaure mu. A can kuwa ana ba mutum waya da araha, ko a ce kyauta, bisa sharaɗin ya zauna da kamfanin yana biya wata-wata. A Faransa sai da dokar 2008 ta hana wa'adin ya wuce wata 24, a Amurka kuwa waɗansu manyan kamfanoni sun kai biyan waya wata 36. Ka duba fa: maƙeri yana fitar da sabuwa duk wata 12, igiya kuwa wata 24 ce ko 36. Kafin yaro ya kwance ta farko an fito da biyu ko uku, sai a ce masa kawo tsohuwar mu ba ka sabuwa, a sake ƙirga wa'adi daga farko. Haka zai shekara goma bai taɓa kwana da wayar da ya gama biya ba, uwarsa kuwa tana nan Agwe tana jiran kuɗin magani. Wannan tsari ne yake shigo mana da kaɗan-kaɗan da sunan sauƙi, don haka na ambace shi tun bai zauna ba.

A ranar jana'iza in an aje ka,
Akwai bashi kansa? Ana tambaya.

Sharhi: Buhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaya ko akwai bashi a kanta, aka ce dinari uku, kuma bai bar abin biya ba. Sai ya ce sahabbai su sallace shi, shi bai yi ba, har Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa, sa'an nan ya yi masa salla. Muslim kuma ya ruwaito cewa shahidi ana gafarta masa kome ban da bashi. Daga nan muka gaji al'adarmu, in an ajiye gawa wani daga dangi ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci ya zo ya ga wane.

To, mai bin bashin waya ba ya cikin sahu, ba zai ji wannan shela ba, ba zai zo zaman makoki ya ce na yafe ba. Sau da yawa ma iyali ba su san da bashin ba, domin labarinsa yana cikin wayar, wayar kuma tana da lambar sirri da ta tafi kabari tare da mai ita. Sai bayan kwana biyu ta kulle, a jefa ta cikin akwati a ce ta lalace, bawan Allah kuwa yana can rataye.

Hukuncin wannan mas'ala a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne, bashin ajali yana zama na nan take da mutuwar wanda ake bi. Ana fitar da shi daga tarika bayan kuɗin likkafani da binnewa, kafin wasiyya, kafin rabon gado. Wayar kanta tarika ce, ba ta babban ɗa ba ce don ya riga kowa ɗauka, ba ta matar da aka tarar da ita a ɗakinta ba ce, sai in mamaci ya ba ta kyauta ta karɓa tun yana da lafiya. Wajibin magada ne su ɗauki takardar ciniki su je wurin mai kaya su tambayi abin da ya saura, su biya daga dukiyar mamaci, sa'an nan a yi wa wayar kuɗi a sa ta cikin rabo. Idan mai kaya ya ce a tsarinsu mutuwa tana kashe saura, to, alhamdu lillahi, amma su karɓi wannan a rubuce. Idan tarika ba ta kai ba, ba a tilasta wa magada su biya daga nasu, sai dai wanda ya yi ya bi sawun Abu Ƙatada.

Shi kuma mai rai, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙaraminsa da babbansa. Duk wanda ke da irin wannan waya a aljihu yau, ya rubuta sunan rumfar da ya ɗauka, da jimlar kuɗin, da ranar da zai gama, a kan takarda ta gaske, ya sa ta inda yake ajiye takardar fili ko ta aure, ya kuma gaya wa matarsa ko amininsa inda take.

Allah ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi.